Shekarar da Motar Mahaifinku Ta Ƙi Makullinta

Na san abin da ake faɗa muku a kan motar mahaifinku, domin ni ma yana zuwa kunnena, sai dai a sassauta murya in na shigo. Ana cewa taurin kaina ne ya raba gidanmu da gidan Baffanku Malam Sada, kuma wai ina can Katsina zaune a garejin maza ɓarayin daji suka kwashe geron gonarmu ta wajen garin Zakka. Akwai ma wadda ta faɗa a wurin suna cewa na cire ƙwaƙwalwar motar mai kyau na sayar, na sa aka maƙala ta banza. Ban ba kowa amsa ba a lokacin, don raina a ɓace yake, in na buɗe baki sai na ƙara lalata abin da ya riga ya lalace. Yanzu idona ya fara gajiya da karatu. Gara in rubuta muku tun ina ganin layi, ku san inda na yi daidai da inda na yi kuskure, don duka biyun akwai.

Motar akori-kura ce fara, mahaifinku ya saye ta 'yan shekaru kafin rasuwarsa. Ba irin tsofaffin nan ba ce da ƙarti uku za su tura ta tashi. Da ita ake kwaso amfanin gonakinmu biyu, ta bayan gari da ta wajen Zakka, kuma duk unguwarmu a Safana in naƙuda ta zo da gardama ko tsoho ya yanke jiki ya faɗi, ƙofarmu ake bugawa. Lawal ne ke tuƙa ta, mutumin Ruma da ya dawo Safana da iyalinsa bayan an tashi ƙauyensu. Mutum ne mai amana, amma Allah ya yi shi da son a ce ya san komai. Mahaifinku ya rasu da bazara, na fita takaba tsakiyar damina, muka zauna da Baffanku aka yi magana cewa ba za a sayar da motar ba sai an shigo da amfanin gona, sannan a raba gado. Ku duka kuna nesa a lokacin: babbanku yana wurin aiki a kudu, matan suna ɗakunan mazajensu, auta yana karatu a Zariya. Saura ni da ajina na matan aure, wanda na fi shekara ashirin ina koyarwa bayan la'asar a makarantar gidan, ƙarƙashin Baffanku.

Wata ranar kasuwar Batsari aka tafka ruwa. Lawal ya taso da kayan mutane, ya tarar rafin da ke kan hanya ya kawo. Masu babura sun tsaya a bakin gaɓa suna jiran ruwan ya janye, shi kuwa ya ce ya san wurin. A tsakiyar ruwan inji ya mutu. Da shanun noma aka jawo ta, aka mayar da ita Batsari wurin wani mai gyaran wutar mota da ake kira Garba Rewaya. Washegari da safe Lawal ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi haƙuri, ya yi ta murza hularsa a hannu kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Hajiya, ruwa ne ya shiga birenbos."

"Mene ne kuma birenbos?"

"Ƙwaƙwalwar motar ke nan. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin inda mutum ke miƙe ƙafa. Shi ke ba inji umarni. Garba ya ce ya ƙone, sai an sa wani."

"In an sa wani shi ke nan?"

"Shi ke nan, Hajiya. Kamar canza batir ne. Jibi war haka tana ƙofar gida."

Wannan jibin ta Lawal sai da ta kusa wata biyu. Garba ya aika aka sayo wani akwatin a kasuwar kayan mota ta Katsina, irin wanda ake cirowa daga motocin da suka yi aiki a ƙasar waje. Ya ɗaura, aka murza makulli, inji ya yi ta juyi bai kama ba. Sai ya ce fulogi ne, aka canza fulogi. Ya ce famfon mai ne, aka canza famfon mai. Ya ce fiyus, ya ce wata waya ce ta tsinke a ciki. Duk bayan kwana biyu sai Lawal ya zo mini da sabon suna, yana faɗarsa da ƙarfin gwiwa kamar shi ya ƙera motar. Ana cikin haka aka katse layukan waya a duk yankinmu saboda 'yan bindiga. Kun tuna lokacin, don ku ma kun yi watanni ba ku ji muryata ba. Daga nan duk maganar da za a yi sai an taka da ƙafa. Da na ga saƙon da nake ba Lawal ba shi ke dawowa ba, na sa mayafina na shiga motar haya na tafi Batsari da kaina.

Na tarar Garba ya kwance rabin gaban motar, wayoyi sun zubo waje kala-kala, ga kusoshi a cikin murfin kwano. Na ce a murza makulli in gani. Ina zaune a gefen direba na lura da wata 'yar fitila ja mai siffar makulli tana ƙyaftawa ba tsayawa.

"Malam Garba, wannan 'yar fitilar me take nufi?"

"Ado ne kawai, Hajiya. Duk motocin zamani haka suke."

"Lokacin da mai ita ke tuƙa ta, yana murza makulli take ɗaukewa. Na sha zama a kujerar nan."

Ya yi dariya, ya goge hannu a rigarsa.

"Hajiya, ki bar mana aikinmu. Ni in kin tambaye ni, motar nan akwai hannu a cikinta. Motar gado ce, ba kowa ke son ta tashi ba. Ya kamata a ga malamai."

Ni da aka haifa a gidan malamai, aka kai ni aure gidan malamai, ranar nan mai rewaya ne ke tura ni neman malamai. Na haɗiye abin da ya zo bakina. A ƙasa kusa da taya na ga tsohon akwatin da ya ƙone, an jefar da shi cikin tarkacen da za a ba 'yan gwangwan. Ban san me zan yi da shi ba, amma kayan mahaifinku ne, sai na ɗauka na kakkaɓe na sa a jakata.

Baffanku bai yarda da zancen hannu ba, ya ce shirme ne. Amma shi ma yana da tasa shawarar: a sayar da motar yadda take, a ɗauki amalanke a kwaso hatsi kamar yadda iyayenmu suka yi. Na ce masa babu mai amalanken da zai kai shanunsa gonar Zakka a shekarar nan, domin duk wanda ya kai da ƙafa yake dawowa, in ma ya dawo. Ya ce Allah na nan. Na ce haka ne, na tashi.

Wani direban haya ne ya gaya mini akwai mutum a Katsina da ba ya taɓa sifana, da kwamfuta yake gyaran mota. Na ba shi saƙo, bayan kwana biyar mutumin ya zo Batsari, ni ma na je. Sunansa Kabir, ana ce masa Injiniya, sa'an babbanku ne. Ya buɗe jaka ya fito da kwamfuta, ya laluba ƙarƙashin sitiyari ya soka wata waya. Bai yi minti biyar ba ya ɗago.

"Mama, injin nan lafiyarsa ƙalau. Da gangan motar ke ƙin tashi."

"Kamar yaya da gangan?"

Ya zare makullin ya nuna mini kansa na roba.

"A cikin nan akwai wata 'yar ƙwaya mai ɗauke da lamba. Tsohon akwatin ya san ta. Wannan da aka sa baƙo ne, makullin wata mota ya sani. In kun murza sai ya ɗauka ɓarayi ne, ya hana mai ya hana wuta. Abin da fitilar nan ke faɗa ke nan tun ranar farko. Sai an gabatar masa da makullin, an rubuta masa lambar jikin motar. Shi muke ce wa kodin."

Na waiwaya na dubi Garba. Ya duƙa yana neman wani abu a cikin murfin kwano.

"To Injiniya, bismillah, gabatar da su."

"Sai na shiga intanet na karɓo lambar sirri tukuna."

Wani mai facin taya da ke wurin ya fashe da dariya. Injiniya ya ciro wayarsa ya duba, ya ɗaga ta sama, ya juya gabas ya juya yamma. Wani ya ce an ce in an hau dutsen bayan gari ana samun layi kaɗan. Shi da Lawal suka tafi da kwamfuta a kafaɗa, ni kuma na zauna a benci ina kallon fulogi da famfon man da aka cire ba su da laifin komai. Sai bayan la'asar suka dawo, ƙaya ta cika ƙafar wandonsu, ba su samo ko ɗigo ba. Injiniya ya kwafi lambobin da yake so a takarda, ya ce zai koma Katsina ya karɓo, kwana uku ya dawo.

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ba wayar da zan kira in ji dalili. Kullum na tura a tambayi direbobin tasha, wannan ya ce ya gan shi, wancan ya ce an ce ya tafi Kano. A cikin kwanakin nan gero ya nuna. 'Yan ƙwadago suka shiga gonar Zakka da sassafe cikin ɗar-ɗar, suka yanke suka ɗaure, suka jera dammuna a ƙarƙashin kuka, suka gudo kafin azahar. Ban taɓa jin an yabi gero kamar na shekarar ba a bakin waɗanda suka gan shi, kuma shi ne noman ƙarshe da mahaifinku ya zaɓi irinsa da hannunsa. Ina karantar da mata, bakina na kan aya, zuciyata na ƙarƙashin kukar nan.

Ranar da Injiniya ya dawo na riga shi isa garejin. Ya soka waya, ya shigar da lambar. Kwamfutar ta yi ɗan tunani ta fito da jan rubutu. Ya sake, ta sake. Ya kashe komai ya cire kan batir ya mayar, ya sake na uku.

"Lambar daidai take. Akwatin ne ya ƙi magana da sauran motar. Ban gane ba."

Garba ya gyara tsayuwa ya ce ai shi tun farko ya faɗa, wannan ba aikin kwamfuta ba ne. A nan haƙurina ya ƙare. Na ce a ciro mini sabon akwatin. Suka dubi juna, Lawal ya ce, Hajiya ai ba abin da za ki gani a jiki. Na ce a ciro dai. Na fito da tsohon daga jaka, na ajiye su gefe da gefe a kan bencin, na sa tabarau. Kowanne da 'yar takarda manne a bayansa, da dogon layin lambobi da haruffan boko. Na ɗora yatsa ɗaya a nan ɗaya a can, na bi su ɗaya bayan ɗaya yadda nake bin allon ɗaliba. Duk iri ɗaya ne sai a ƙarshe. Tsohon ya ƙare da bakwai da wani harafi, sabon ya ƙare da tara da wani harafin daban.

"Waɗannan ba ɗaya ba ne."

"Duk abu ɗaya ne, Hajiya," in ji Garba. "Girma ɗaya, soket ɗaya. Kin ga ai ya shiga."

"Malam Garba, in ɗalibata ta canza harafi ɗaya a cikin aya, ba na ce mata ai ya shiga."

Injiniya ya karɓi akwatunan biyu. Ya daɗe yana kallonsu, ya buɗe wani abu a kwamfutarsa ya gwada.

"Mama ta fi mu gaskiya. Wannan na mota mai canza giya da kanta ne, taku kuwa ta hannu ce. Ko shekara zan yi a kansa ba zai karɓa ba. Laifina ne, tun ranar farko ya kamata in duba."

Shi aƙalla ya ce laifinsa ne. Garba cewa ya yi mai shagon da aka sayo akwatin ne ya rantse masa, Lawal kuma ya ce dama shi tun da ya ga akwatin jikinsa bai ba shi ba. Fiye da wata guda muka yi muna faɗa da abin da tun farko ba namu ba ne, maza uku masu sana'a babu wanda ya juya bayansa ya karanta. Injiniya ya ce kada a sake aike. A ja motar zuwa Katsina, inda ga layi, ga wuta, ga mai shagon, a gwada komai a wuri ɗaya. Na ce za a ja ta, kuma da ni za a tafi, don na gaji da jin labarin motar nan a bakin mutane.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini wuyar rubutawa. Washegari bayan azahar na je zauren Baffanku in sanar da shi. Da na yi hankali da na jira ya shiga cikin gida. Ban jira ba. Yana zaune a kan buzunsa, ga manyan ɗalibansa, ga dattawan unguwa biyu. Na durƙusa daga bakin ƙofa muka gaisa, na faɗi abin da aka gano da abin da na yanke. Ya saurara har na gama.

"Ba za ki je ba, Rabi. Hanyar nan kin san yadda take. Kuma jiya-jiya kika fita takaba, ba zai yi kyau a ce matar ƙanena na zaune cikin makanikai a birni ba. Motar nan ta marayu ce, an wahala da ita ya isa. A sayar."

Na ce masa harafi ɗaya ne ya hana ta tashi. Ya ce ko rabin harafi ne, ya gama magana. Sai na ji wani abu ya taso mini tun daga ranar da Lawal ya shiga rafi, na kasa danne shi.

"Yaya Malam, da ƙanenka na raye ba za ka ce a sayar masa da mota a kan wannan ba. Kai ba ka taɓa noma ko kunya ɗaya ba. Shi ke kawo maka hatsi har bakin rumbu shekara da shekaru, shi ya sa ba ka jin zafin geron da ke zube a daji."

Ɗaliban suka sunkuyar da kai a kan littattafansu, ɗaya daga cikin dattawan ya fara jan carbi da sauri. Abin da na faɗa ba ƙarya ba ne. Tsari ne da su biyun suka yi tun suna samari, ɗaya ya riƙe makarantar mahaifinsu ɗaya ya riƙe gona, kuma mahaifinku bai taɓa ambatarsa ko a cikin ɗaki ba. Ni ce na ɗauko shi na shimfiɗa a gaban mutane.

"To," in ji Baffanku. "Allah ya kiyaye hanya."

Da igiya aka ɗaura motar a bayan wata babbar motar itace. Lawal ya riƙe sitiyari, ni ina gaban babbar motar da akwatuna biyu a cinyata. Igiyar ta tsinke sau biyu, ɗaya a daidai wurin da direban ya ce ba a tsayawa. Muka isa Katsina da yamma, na sauka gidan 'yar ƙanwar mahaifiyata, motar kuma aka kai ta wurin Injiniya.

Mai shagon da ya sayar da akwatin ya ce shi bai san zancen ba, kayan wuta in sun fita ba sa dawowa. Na ajiye masa su biyu a kan tebur na karanta masa lambobin da ƙarfi, maƙwabtansa suna ji. Ya ce in dawo gobe. Na dawo, ya ce yaron da ya san wurin kayan bai zo ba. Na jawo kujerarsa na zauna, na ce zan jira. Duk mai sayayyar da ya shigo sai ya tambayi abin da ya zaunar da tsohuwa a shagon kayan mota, ni kuma ba na ɓoye masa. Kafin la'asar ya aika Kano. Rana ta huɗu akwatin ya iso, na bi lambarsa da yatsa har sau uku kafin na bari a ɗauka.

Injiniya ya ɗaura shi, ya ce batir ya yi sanyi saboda daɗewa a ajiye, don haka ya haɗa shi da na'urar caji daga wutar shago. Ya tara mu ya yi mana gargaɗi.

"Zan sake rubuta masa karatunsa gaba ɗaya, na motarku. Zai ɗauki kamar minti ashirin. Kada a buɗe ƙofa, kada a taɓa makulli, kada a kunna komai. In wuta ta yi ƙasa yana tsakiyar karɓa, an shiga uku."

Wani koren layi ya fara tafiya a fuskar kwamfutar, a hankali kamar ba ya so. Na tsaya a bayansa ina salati a zuci. Layin ya wuce rabi. Sai fankar shagon ta fara rage gudu, ta tsaya. An ɗauke wuta. Batirin bai iya riƙewa shi kaɗai ba, layin ya tsaya cak, ya koma ja. Injiniya ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce yanzu akwatin ya zubar da tsohon karatunsa bai gama ɗaukar sabo ba, ko sallama aka yi masa ba zai amsa ba. Na tambaye shi, shi da ya san garin nan ana ɗauke wuta sau nawa a yini, me ya hana shi tayar da janareton da nake gani a lungu. Ya ce ya ga wutar ta zauna tun safe. Na fita waje na zauna a kan wata tsohuwar taya, don in na tsaya a ciki zan maimaita abin da na yi a zaure.

Kwana biyu ya yi da akwatin a buɗe a kan tebur, yana taɓa cikinsa da wasu siraran wayoyi, har ya samu ya farfaɗo. Ranar da za a sake, ni na tsara yadda za a yi. Na sa aka tayar da janareto aka cika shi da mai ina kallo. Na sa aka aro batir mai ƙarfi a maƙwabta. Lawal, wanda ya fara bayanin cewa a ganinsa in an ɗan taka totur zai taimaka, na tura shi tsallaken titi na ce ya zauna wurin mai shayi sai na kira shi. Na ja benci na tare ƙofar direba na zauna. Layin ya tafi har ƙarshe. Injiniya ya shigar da lambar jikin motar, ya karɓi makullan biyu, na Lawal da na ajiya da ke ƙulle a bakin zanena, ya gabatar da su ɗaya bayan ɗaya. Ya murza. 'Yar jar fitilar ta kama ta ɗauke, inji ya tashi.

Ban yi guɗa ba, don bai yi numfashi goma ba ya fara karkarwa ya mutu. Aka sake, ya sake mutuwa. Kwamfutar ta nuna akwai abin da ba ya amsawa a wajen shigar iska. Injiniya ya zura hannu ya jawo wani soket yana lilo, wanda Garba ya cire lokacin da yake neman hannun maƙiya ya manta bai mayar ba. Aka mayar, aka goge tsofaffin laifuffukan da akwatin ya riƙe, aka bar motar tana aiki a tsaye ba mai taɓa ta, wai sai ta koyi yadda za ta ja iska. Da muryarta ta daidaita, na gane ta. Ita ce muryar da nake ji a ƙofar gida in mahaifinku ya dawo daga gona. Na juya baya na gyara mayafina. Kafin mu tafi na sa Injiniya ya rubuta mini lambar akwatin da duk abin da ya yi a takarda, da Hausa.

Rana ta tara muka shiga Safana. Washegari da hantsi na ce Lawal ya kai ni gonar Zakka. Tun daga nesa na ga ƙarƙashin kukar baƙi ƙirin. Sawun babura ya cika wurin. Ɓarayin dajin sun ɗebi abin da za su iya ɗauka, sauran suka sa masa wuta. Wani tsoho mai gona kusa da tamu ya fito daga cikin dawa ya gaishe mu, ya ce kwana uku ke nan. Na ƙirga da yatsa, ya faɗo daidai kwanakin da ɗauke wutar nan ya ci mana. Dami shida muka samu a gefe da wutar ba ta kai gare su ba. Lawal ya fara cewa da an bi shawararsa tun farko, na ce ya ɗauki dami ya yi shiru.

Masu cewa tafiyata ce ta jawo asarar su gaya mini da me za a kwaso geron in na zauna. Motar da aka ce a sayar ita ta shigo da dawar gonar bayan gari da gyaɗa, ta shigo da na maƙwabta gida bakwai a cikin mako biyu, ana fita da hantsi ana dawowa kafin azahar. Rumbun Baffanku ma an cika shi kamar kowace shekara, ban rage ko zangarniya ba.

Amma ranar da na ɗauki littattafaina bayan la'asar na nufi aji, na tarar matar babban ɗan Baffanku zaune a kan tabarmata tana ja wa ɗalibaina baƙi. Matan suka miƙe suna gaishe ni, kowacce na kallon wani wuri. Ba wanda ya ce mini an cire ni, ba kuma wanda ya ce in zauna. Na ce su ci gaba, na koma gida. Ban sake koyarwa a makarantar nan ba.

Bayan kwana biyu na je wurin Baffanku, wannan karon a cikin gida, ba kowa sai matarsa. Na durƙusa na ce na zo neman gafara a kan abin da na faɗa a zaure. Ya rufe littafin da ke hannunsa.

"Motar ta tashi?"

"Ta tashi, Yaya Malam."

"To madalla. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya buɗe littafinsa. Shekara biyu ya yi bayan nan, muna gaisawa kamar maƙwabtan kirki, har Allah ya karɓi abinsa.

A kan mota ni ce da gaskiya, kuma ko yau aka sake haka zan hau motar itace in tafi Katsina. A kan abin da na faɗa a gaban ɗalibansa ba ni da ko kaɗan. Mutum ne da ya binne ƙanensa watanni kaɗan kafin nan, na je na tuna masa a bainar jama'a cewa ƙanen ke ciyar da shi. Haushin Garba da Lawal da layin waya na kwasa na juye a kan wanda bai taɓa motar ba. Saboda haka kada in ji ɗayanku ya riƙe 'ya'yansa a zuci wai don an karɓe mini aji. Faɗan nawa ne, ba a gadonsa. In kun zo sallah, ku fara sauka a gidansa ku gaida matarsa, Goggonku, sannan ku ƙaraso wurina.